Ina Lagwanin Ƙwan Zamani?

 Yau maganar fitila zan yi da ku, ba ta soyayya ko ta kishiya ba kamar yadda kuka saba ji daga bakin alƙalamina. Na san wata za ta taɓe baki ta ce, "Yau kuma me ya kai Anti ga aikin masu gyaran wuta?" To ki yi haƙuri ki bi ni a sannu, domin fitilar nan ke kike kwana da ita, ke kike tashi tsakar dare ki shayar da yaro a ƙarƙashinta, maigida kuwa ya sayo ya ɗaura ya tafi abinsa.

Duk wadda ta girma a 'Yankuzo ko wani gari irin namu ta san fitilar ƙwai, wasu ma sun riski aci-balbal. Fitilar ƙwai tana da ɗan kunne a gefe wanda ake murzawa lagwani ya hau ko ya sauka. Iyayenmu ba su yi boko ba, amma sun san haske yana da awo kamar gishiri a miya. Da magariba Inna za ta ɗaga lagwani a tuƙa tuwo a raba, in an yi isha'i ta rage a yi hira, in an zo kwanciya ta mayar da shi ɗan mitsitsi, iyakar dai a ga bakin ƙofa, a ga kunama in ta fito. Haske uku a fitila guda. Kananzir ya yi auki, ido ya huta, jariri ya yi barcinsa.

Yanzu kananzir ya fi ƙarfin talaka, fitilar ƙwai ta koma ƙarƙashin gado, mun koma ƙwan LED, farin nan da ya cika shagunan Tsafe da Gusau. Ba kushe shi zan yi ba, abin alheri ne. Ƙwai mai wat 9 yana ba da hasken da tsohon jan ƙwai mai wat 60 yake bayarwa, ba ya dafa ɗaki da zafi, kuma ɗan batirin sola yana iya riƙe shi. Wasu masana uku 'yan asalin ƙasar Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, su suka gano yadda za a samar da LED mai shuɗin haske a farkon shekarun 1990, har aka ba su kyautar Nobel a 2014. Daga wannan shuɗin ne ake samun farin da muke gani, ana lulluɓe shi da wani gari mai ruwan ɗorawa sai ya fito fari. Amma fa ƙwan ya zo mana babu lagwani. Ko a kunne yake tar kamar rana tsaka, ko a kashe ɗaki ya yi duhu ƙirin.

Wannan shuɗin da ke ɓoye cikin farin, ki riƙe shi a ranki. Jikin ɗan'adam yana fitar da wani sinadari mai suna melatonin in duhu ya yi, shi yake sanar da jiki cewa lokacin barci ya zo. Haske mai ƙarfi, musamman mai shuɗi a ciki, yana danne shi. Shi ya sa za ki ga amarya an jera mata ɗaki, an ɗaura fararen ƙwai huɗu a silin don a ga kyan kwanuka da labule, ga shi ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce amma idonta biyu, ta ce wai baƙunta ce. Mai jego ta kunna farin ƙwai ƙarfe biyun dare don ta canza wa yaro ƙyalle, yaro ya wartsake tas ya ce gari ya waye, ita kuma ta kwana jijjiga. Na taɓa jinyar wata 'yar'uwata a wani asibiti kwana shida, dogon farin ƙwai yana bisa kanmu har asuba, marasa lafiya suna rufe fuska da mayafi. Wata tsohuwa a gadon kusa da mu ta ce da ma'aikaciyar, "'Yata, don Allah a ɗan rage lagwanin nan." Aka yi dariya. Ni dai ban ga abin dariya ba, gaskiya ta faɗa.

Akwai kuma wani dalilin da mu na wannan yanki na Tsafe muka sani ba sai an tsaya dogon bayani ba. Da halin rashin tsaron da dare ya shiga a shekarun nan, gidaje da yawa ba sa son haskensu ya haura katanga ana hango shi daga nesa. Ga kuma aljihu. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, janareto ya zama sai wane da wane, wutar NEPA kuwa, wadda yanzu kamfanin rarraba wuta na Kaduna ke kawo wa Zamfara, ba kowane ƙauye take isa ba. Sola da fitilar caji su ne gatanmu, kuma duk hasken da kika ƙona ba dalili daga batirinki ya fita. Lissafin ba wuya. Ƙwai mai wat 9 in ya yi awa 5 ya sha 45, mai wat 3 a wannan lokacin 15 kawai zai sha. Ragowar 30 ɗin nan ita ce cajin wayarki da safe.

To yaya za a rage? Bari in fara da abin da na ga mata suna yi wanda yake tayar mini da hankali. Wata maƙwabciyata, yarinya ce sabon aure, na shiga wurinta na tarar ta naɗe ƙwan ɗakinta da ɗankwali. Na ce, "Ke 'yar nan, me kika yi haka?" Ta ce, "Anti wallahi haskensa ne yake sa mini ciwon kai, kuma ai shi wannan ba ya zafi." Na ce ta hau kujera ta kashe ta taɓa wuyansa. Ta taɓa ta janye hannu da sauri. Gaskiya ne kan ƙwan ba ya ƙuna kamar na da, amma a wuyansa akwai wasu 'yan ƙananan na'urori, kuma nan zafin yake taruwa. In kika toshe masa iska da zane ko takarda ko leda, kin rage masa kwana, in kuma wayar ta ɗan saki, to kin ajiye wa gobara abinci a saman gidan sauronki. Kada ki yi, ko da na dare ɗaya ne.

Na biyu, makunnin fanka. Wasu mazan sukan ce tunda yana rage gudun fanka ai zai rage haske, sai su haɗa. Ba a yi shi don haka ba. Ko makunnin rage haske na ainihi, wanda ake murzawa a bango, ba kowanne ne yake shiri da LED ba, kuma ga dalili. Wutar da ke zuwa mana tana kai da komo sau 50 a cikin daƙiƙa ɗaya. Aikin makunnin rage haske shi ne ya riƙa gutsure wani yanki daga kowane zuwa. Tsohon ƙwai zare ne kawai a cikinsa da ke yin ja in ya yi zafi, in an rage masa wuta sai ya yi sanyi ya dushe, ba gardama. Shi kuwa LED, na'urar nan ta wuyansa an yi ta ne don ta riƙe haske daidai ko da wuta ta yi ƙasa. Kin lura in aka kawo wuta marar ƙarfi, da can ƙwai yakan yi ja kamar garwashi, amma na yanzu yana nan fari har sai ya kasa ya fara ƙifta ido? To haka yake yi da makunnin. Makunni yana ragewa, ƙwai yana ƙoƙarin cikewa, sai ki ji ƙara zzz kamar sauro, haske yana rawa, kafin wata ya zagayo ƙwai ya mutu a ce jabu ne.

Saboda haka in har kuna son irin wanda ake murzawa, abu biyu ne sai sun haɗu. A jikin kwalin ƙwan a ga an rubuta kalmar nan ta Turanci, dimmable, ma'ana wanda ya yarda a rage shi. In babu ita, ki ɗauka bai yarda ba, kuma yawancin masu arahar da ake zubawa a tire ba su da ita. Sannan makunnin ya zama wanda aka yi don LED, domin tsofaffin an yi su ne don ƙwai masu wat 60 da 100, ɗan wat 9 ya yi musu kaɗan har ba sa jin yana nan. Ki sa maigida ya kira mai gyaran wuta na ƙwarai ya ɗaura, a gwada a gabanku tun daga sama har ƙasa kafin a biya shi. Ƙwan nan mai batiri a ciki da ke kamawa in an ɗauke wuta, da mai rimot, kada a haɗa su da irin wannan makunni. Mai rimot da rimot ɗinsa ake rage shi.

Amma ni a ganina, 'yar'uwa, yawancinmu ba ma buƙatar duk wannan ɗawainiyar. Hanya mafi sauƙi ita ce ɗaki ya zama yana da fitila biyu, kowace da makunninta. Babba a sama don shara da jera kaya da baƙi, ƙarama mai wat 2 ko 3 a ƙasa-ƙasa kusa da gado don dare. In kika juya fuskarta ga bango haske ya daki bango ya dawo, sai ya zo da laushi, bai soki idon kowa ba. Kuma ki duba wata lamba a kwalin mai harafin K a ƙarshe. In kin ga 6500K, farin nan ne fat mai shuɗi. In kin ga 2700K ko 3000K, shi ne mai ruwan zuma, ɗan'uwan hasken fitilar ƙwai, shi ya dace da ɗakin kwana. Wannan yana da muhimmanci domin LED in an rage shi ba ya sauya launi kamar tsohon ƙwai, fari yana nan fari, sai dai ya koma toka-toka kamar hazo. Masu shago ba su cika ajiye mai ruwan zuman ba, sun ce mata sun fi son fari. In an yi ta tambaya za su kawo.

Masu sola ku kun fi kowa sa'a. Fitilun da ke aiki kai tsaye da batiri mai bolt 12 suna da ɗan makunnin ragewa mai araha da ake saƙalawa a tsakanin waya, kuma fitilar caji da yawa suna da mataki biyu ko uku a maɓallinsu, mu ne dai muke danna na ƙarshe kullum. Yawancinsu dabararsu ita ce kunnawa da kashewa ɗaruruwan lokuta a daƙiƙa guda, da saurin da ido ba ya kamawa. Wani abin daɗi kuma, ido ba ya auna haske yadda mita take aunawa. In kika rage wutar ta koma kashi ɗaya cikin huɗu, a ido kamar rabi ne. Kin ga batiri ya huta sosai, ke kuwa ba ki rasa da yawa ba. Sai dai marasa kyau saurin nasu bai kai ba, kuma akwai matan da wannan rawar ke saukar wa da ciwon kai. Kafin ki saya, ki rage ta zuwa matakin ƙasa ki haska ta da kyamarar wayarki. In kin ga baƙaƙen layuka masu kauri suna gudu a fuskar wayar, ki ajiye ki ɗauki wata.

Wajen sana'a kuma a kiyaye, kada a ce Anti ta ce a rage sai a zauna cikin duhu. Mai keken ɗinki, mai ɗinkin hula, mai zanen lalle, mai saƙa, duk ido ne jarinku. Ku haske mai ƙarfi kuke so, amma a kan allura da hannu. 'Yar fitila mai wuya da za ki karkato a kan aikin, daga gefen da hannunki ba zai yi mata inuwa ba, ta fi ƙwai uku a silin. Na saman ki bar shi matsakaici, domin in aiki yana ƙyalli ɗaki yana duhu, ido yana gajiya da kai da komo. Zaɓen launin zare da shadda kuwa a bari sai da rana a bakin ƙofa, ƙwai yakan yi ƙarya, ki ɗinka da dare kina ganin ruwan goro ne gari ya waye ki ga wani abu dabam. Manyan ofisoshi da asibitoci masu dogayen fitilu suna da nasu tsarin da ake jan wata waya ta musamman don ragewa, wannan aikin injiniya ne. Amma ko a ƙaramin shago ko ajin islamiyya na dare, raba fitilu a kan makunni biyu ya wadatar, a kunna rabi in rabi ya isa.

Iyayen amare, in kun tashi sayayyar kayan ɗaki a Gusau, bayan gado da kujeru da kwanuka, ku saka ƙwai biyu masu ruwan zuma a cikin lissafi, ɗaya mai wat 7 ɗaya mai wat 3. Kuma ranar jere, tun mai gyaran wuta yana kan tsani, a gaya masa a bar soket ɗaya a gefen gado.