Hannun Kawu Bai Tafi Ba

Ranar 25 ga Nuwamba, 2014, bama-bamai biyu suka tashi a Kasuwar Monde da ke Maiduguri. Kawuna tela ne, ya shiga sayen zare, aka fito da shi jina-jina. Likitoci suka ceci ransa, amma sai da suka yanke masa hannun dama daga gwiwar hannu.

Bayan ciwo ya warke, sai wata sabuwa ta taso. Da dare ya kan kira ni ya ce, "Ɗana, yatsuna na ƙaiƙayi." In duba, babu yatsu, sai dungu. Inna ta ce iskoki ne, aka yi ta hayaƙi da rubutu. Maƙwabta kuwa suka fara raɗa cewa bam ya taɓa masa kai. Da maganar ta iso kunnensa, sai ya yi gum, ya riƙa cin wuyarsa shi kaɗai. Ni ma, Allah ya yafe mini, na taɓa yi masa dariya.

Sai da na shiga jami'a na karanta cewa yawancin waɗanda aka yanke wa gaɓa suna jin haka. A 1937 likita Wilder Penfield, a ƙasar Kanada, ya nuna cewa kowace gaɓa tana da gurbinta a ƙwaƙwalwa, tamkar taswira, kuma gurbin hannu yana maƙwabtaka da na fuska. An daɗe ana ɗaukar cewa idan hannu ya tafi, fuska ce ke mamaye gurbinsa. Amma a 2025 Hunter Schone da Tamar Makin da abokan aikinsu suka bayyana sakamakon hoton ƙwaƙwalwar mutum 3 da suka ɗauka kafin a yanke musu hannu da kuma bayan yankewa. Sai ga gurbin hannun yana nan yadda yake. Ashe Kawu gaskiya yake faɗa: hannu ya bar jiki, amma bai bar ƙwaƙwalwa ba.

Da na yi masa wannan bayani, sai ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Wato ba hauka nake ba?" Na ce, "A'a, Kawu."

'Yan'uwana ɗaliban harshe, abin da ya fi damuna shi ne, da muna da sunan wannan larura a bakinmu, da ba a jingina ta ga iskoki ba. Tun 2020 akwai cibiyar haɗa gaɓoɓin roba a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, wadda ƙungiyar Red Cross ta duniya ta taimaka aka kafa. Masu zuwa can Hausa da Kanuri suke ji, kuma da su za su faɗi ciwonsu. Samar musu da kalmar aikinmu ne. Ni dai na ba da shawarar "jin gaɓar da babu". Wanda ke da wadda ta fi ta, bismilla.

Allah ya ba majinyatanmu lafiya, amin.