Duniyar da Muka Koya Daga Buhun Gyaɗa

Mu 'yan 1976 ne, shekarar da gwamnatin Obasanjo ta buɗe shirin UPE, aka ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta. A ƙauyukanmu na ƙasar Ajingi ba kowane uba ne ya yi murna ba. Wasu sun tura 'ya'yansu gabas karatun allo tun kafin mai unguwa ya zo rubuta suna, wasu kuma, irin mahaifina, suka ba da ɗaya suka riƙe sauran a gona. Ni aka bayar. Azuzuwa ba su ishe mu ba, malaman ma yawancinsu samari ne da aka horar cikin gaggawa. Amma akwai wani dattijo a cikinsu, mutumin Gaya, wanda ya fara koyarwa tun zamanin En'e. Shi ke ba mu darasin da ya haɗa tarihi da labarin ƙasa da sha'anin mulki, kuma har yau in na ji ana muhawarar siyasar duniya a rediyo, muryarsa nake fara ji.

Taswirar duniya guda ɗaya gare shi, gara ta ci gefenta na hagu. Ba ya ma cika buɗe ta sai darasi ya yi nisa. Ranar da zai koya mana tattalin arziki, tambaya ya fara yi: "Wa ubansa ya taɓa sayar da gyaɗa?" Kowa ya ɗaga hannu. Sai ya ce to mu bi buhu ɗaya mu ga inda zai kwana. Daga gona zuwa sussuka, daga nan jaki ya kai shi wurin mai sikeli, mai sikeli ya tara wa babban dillali mai lasisi, mota ta bi ta Wudil ta sauke a Kano. Can ake jera buhuna su zama dala, irin waɗanda aka san Alhassan Ɗantata da su. Jirgin ƙasa, wanda layinsa ya iso Kano a 1911, ya kwashe zuwa Legas, jirgin ruwa ya kai Ingila, a matse mai a yi sabulu da man shafa wa burodi. Sai a lokacin yake warware taswira ya ɗora yatsa a kan Ingila, mu ga ƙanƙantarta, mu yi ta mamaki.

Daga nan ya tambaye mu wa ke yanka farashin buhun. Muka ce mai sikeli. Ya ce a'a, hukumar sayen amfanin gona ce ke yankawa tun farkon kaka, kuma abin da ya rage tsakanin kuɗin da aka ba manomi da kuɗin da aka sayar a waje, yana shiga hannun gwamnati. Ya ce a Tarayyar Sobiyet gona ta gwamnati ce, farashi ma nata ne, shi ake kira gurguzu. A Amurka gona ta mai ita ce, kasuwa ke yanka farashi, shi ne jari-hujja. "Mu kuwa, yara, gonar ta babanku ce, farashin na gwamnati." Na karanta littattafai da dama bayan haka, ban sami wanda ya fayyace mini wannan bambanci kamar waccan jimla ba.

Lokacin da yake ba mu wannan labari gyaɗar ta riga ta faɗi. Farin 1973 ya karya manoma, cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa, kuɗin man fetur kuma ya sa gwamnati ta daina waiwayar gona. Iyayenmu suka koma wa gero da dawa da wake. Duk da haka a bakinsu lissafin shekaru da gyaɗa yake: shekarar da aka sayi keke, shekarar da aka yi rufin kwano, shekarar da aka aurar da yaya.

Darasin mulki kuwa da takardar haraji ya fara shi. Ya ce kowa ya roƙi babansa ya nuna masa tasa. Mahaifina yana ajiye nasa a cikin gwangwanin madara, a naɗe da tsumma, shekara bisa shekara, don mutum ba ya tafiya kasuwa mai nisa ba tare da ita ba. Malam ya zana mana tsani a allo: magidanci ya ba mai unguwa, mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai baitulmali a Kano. Ya ce Turawa da suka ci Kano a 1903 ba su rushe wannan tsani ba, hawa kansa suka yi suka zauna a sama. Sannan ya lissafa: mulkin Bature ta hannun sarakuna, sai na 1960 irin na Ingila mai Firayim Minista, wato Abubakar Tafawa Ɓalewa, sai soja daga 1966, sai kuma na 1979 da aka ɗauko samfurinsa daga Amurka, inda Shehu Shagari ya zama shugaba mai cikakken iko. Ya ce iyayenmu sun ga tsarin mulki iri huɗu ba su bar ƙauyensu ba.

A 1979 ɗin nan muka ga abin da ƙuri'a ke iya yi. Yankinmu na Malam Aminu Kano ne tun zamanin NEPU, akwai tsofaffin da suka sha ɗauri a kanta, ga shi kuma PRP mai alamar mabuɗi ta kawo Abubakar Rimi. Da ya soke haraji da jangali, mahaifina bai yarda ba sai da kaka ta wuce ba wanda ya zo ƙofar gida. Bai jefar da gwangwanin ba, ya ce mulki juyi ne. Ina ganin duk wanda bai ga fuskar magidanci a lokacin tara haraji ba, lokacin da ake sayar da akuyar mata don a fita kunya, zai yi wuya ya gane dalilin da ya sa talakan Kano ya riƙe Malam Aminu haka.

Labarin ƙasa a gadar Wudil ya fi zama mini. Malam ya ce duk wanda aka tafi da shi kasuwar Juma'a ya leƙa ruwan da ke ƙasa ya lura ina ya dosa. Mun zaci kowane kogi teku yake zuwa. Ya ce wannan ba ya zuwa. Gabas yake yi, ya bi ta Haɗeja, ya bazu a fadamun Nguru, ragowarsa ta bi kogin Yobe ta faɗa Tafkin Chadi, inda Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka haɗu. Daga nan ya shiga bayanin yadda Turawa suka zauna a Balin a 1884 suka tsara rabon Afirka, har Bahaushen Maraɗi ya tashi da Faransanci, na Katsina da Ingilishi. In ya zo kan Gaya kuwa sai muryarsa ta canza. Yakan ce a tarihin da aka gada, maƙeran da suka fara zama a gindin Dala don neman tama daga Gaya suka tafi, su ne Abagayawa, don haka kada ɗan ƙasar nan ya shiga birni yana sunkuyar da kai.

Da na koma Gaya karatun sakandare, rediyo ya karɓi aikin. A gidan kawuna na zauna, tela ne, kuma shagonsa majalisa ce bayan sallar isha'i. Akwatin rediyonsa na da rigar fata, in batir ya yi sanyi a shanya shi a rana. BBC, wadda ta fara Hausa tun 1957, da Muryar Jamus da Muryar Amurka, har da Mosko da Bejin, duk ana kamawa, kuma dattawan nan da ba su taɓa zama a aji ba sun san wace tasha ke karkata ina. A wannan shago na ji an hamɓarar da Shagari a ƙarshen 1983. A nan na ga yadda canjin launin kuɗi na 1984 ya fito da dukiyar da aka binne a tukwane, mutane na rige-rigen kai wa banki kafin wa'adi. Da Babangida ya kawo SAP a 1986, aka karya darajar naira, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, sai kawu ya juyo gare ni: "Kai ɗan boko, mece ce IMF ɗin nan?" Na ce masa masu ba ƙasashe rance ne da sharaɗi, kuma sharaɗin shi ne gwamnati ta cire hannu kasuwa ta yanka farashi. Ya ce to ya gane dalilin da zare da yadi suka tashi. Darasin buhun gyaɗa ne na maimaita masa, ban ƙara komai ba.

A 1991 Tarayyar Sobiyet ta wargaje ta zama ƙasashe 15. A watan Agustan shekarar aka yanke Jigawa daga Kano, Dutse da ke nan kusa da mu ta zama babban birnin jiha. 'Yan uwanmu da muke cin kasuwa ɗaya, muke aurayya, suka wayi gari 'yan wata jiha. A shagon kawu an fi tattauna wannan fiye da na Mosko, kuma ina ganin sun yi daidai, don a nan ne muka ga yadda ake zana iyaka da alƙalami alhali mutane na zaune inda suke.

Malam ya rasu tun kafin a zo shekarun da aka cire Tarihi daga manhajar ƙananan makarantu, abin da har yau yake ci mini rai ko da yake an dawo da shi. Na so a ce yana raye a 2019, lokacin da gwamnatin Ganduje ta ɗaga Gaya ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya tare da Rano da Ƙaraye da Bichi, da kuma 2024, lokacin da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke dokar, daga baya ta maido da Gaya a daraja ta biyu da ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta. Samarinmu sun yi ta musu a waya, kowa da ɓangarensa. Da ɗana ya tambaye ni wa ke da ikon yin haka, sai na zaunar da shi muka bi dokar tun daga zauren majalisar jiha, zuwa teburin gwamna, zuwa gaban alƙali.