Ƙwayoyin Kilibiya Guda Tara

Ni ɗan manomi ne, a gonar acca da masara na tashi. Saboda haka sa'ad da wani tsoho mai lura da lambun wani gida a Jos ya ba ni 'ya'yan kilibiya uku a 2023, ban tsaya sauraron bayaninsa ba. Na ce a raina, wa zai koya mini shuka?

Ita kilibiya ba tsiron ƙasarmu ba ce. Asalinta kurmin Afirka ta Kudu, inda take zaune a inuwar manyan itatuwa. Wani Bature masanin tsire-tsire, John Lindley, shi ya raɗa mata suna a 1828 domin girmama wata basarakiya ta Ingila, Charlotte Clive. Ganyenta dogaye ne, kore shar, furenta kuwa ruwan lemo da rawaya a tsakiya.

Da na fasa jajayen 'ya'yan nan, na sami ƙwayoyi tara, kowace kamar gurjiya. Na ɗebi biyar na shanya a rana, yadda mahaifina yakan yi da irin masara. Kafin mako ya zagayo duk sun yanƙwane. Na koma wurin tsohon da kunya.

Ya dube su, ya ce, "Ɗana, ka kashe su. Wannan iri ba ya jure bushewa, ɗanye ake shuka shi."

Na ce, "Baba, saura huɗu."

A nan na zauna na ji karatu. A wanke ƙwayar sarai, a ɓare siririn ɓawon da ke manne da ita, gama shi ke jawo funfuna. A haɗa ruɓaɓɓen ganye da yashi a tukunya mai huji, a danna ƙwayar rabinta kawai, kada a binne. A aje a inuwa, ƙasa ta yi danshi amma kada ta jiƙe sharkaf.

Bayan wata guda saiwa ta fito, fara, mai kauri, babu ko alamar ganye. Wata ma maimakon ta shiga ƙasa sai ta ɗaga ƙwayar sama. Da fensirina na huda rami, na sa bakinta a hankali. Lokacin hutu wani abokina, don tsabar kirki, ya riƙa zuba ruwa safe da yamma, har biyu suka ruɓe. Ban yi masa faɗa ba, tun da ni biyar na kashe.

To, ga abin da ke damuna. Kilibiyar da aka shuka daga iri takan yi shekara huɗu ko biyar kafin ta yi fure, kuma tana bukatar 'yan makonni na sanyi tukuna. Hunturun Jos yana ba ta wannan. Ni kuwa baɗi zan gama kwaleji, watakila a tura ni koyarwa wajen Lafiya ko Makurɗi, inda zafi ba ya ɗaga ƙafa. In na tafi da su, mai yiwuwa ganye kawai zan yi ta kallo. In na bar su, wani zai ga furen.

Na yanke shawara. Babbar, mai ganye takwas, zan bar wa wani ɗalibin aji ɗaya. Na riga na nuna masa yadda ake tsoma yatsa a ƙasa kafin a ɗauko ruwa, na kuma gargaɗe shi a kan yara da awaki, domin tsiron yana da guba. Ƙaramar zan riƙe ta a cinya cikin mota.