An Cire Filasta, Amma Da Sauran Aiki

Ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12 a Legas. Bara babur ya buge ni, ƙashin ƙwaurina na dama ya karye, na yi sati 12 cikin filasta har cinya.

Ranar da aka cire ta na ɗauka shi ke nan na warke. Ashe da sauran rina a kaba. Ƙafar ta rame kamar sillen kara, gwiwa ta ƙage, salla sai a kan kujera. Wani maƙwabcina ya ce in bari a fizge gwiwar da ƙarfi. Allah Ya sa na ƙi, na tafi sashen gashin ƙashi na asibiti.

Likitar ba ta fara da gashi ba, sai da awo. Ta sa tef irin na tela ta auna cinyoyina, ta dama ta gaza da santimita 4. Ta auna lanƙwasar gwiwa ta samu digiri 50, alhali lafiyayya kan kai kusan 135. Ƙarfin tsoka kuwa daga 0 zuwa 5 suke auna shi. Na samu 3: ina iya ɗaga ƙafar, amma da ta danne ta sai ta faɗi.

Ta ce: "Malam, sandar nan a hannun hagu za ka riƙe, ɓangaren ƙafa mai lafiya. Wajen hawa bene lafiyayyar ce gaba, wajen sauka kuwa mai ciwon."

Ta koya mini matse tsokar cinya da jawo diddige ina kwance, sau 3 kullum. Na yi lalaci na sati 2, da na koma awon bai motsa ba. Kunya ta kama ni, don tef ba ya ƙarya. Daga nan na dage.

Bayan wata 5 na yi zaman tahiya a ƙasa, har da hawaye. Yanzu na koma kasuwa.

'Yan uwa, haɗuwar ƙashi daban, dawowar ƙafa daban. A nemi likitan gashin ƙashi da wuri. In kuma sha-raɓa ta kumbura tana zafi, a garzaya asibiti, don jini na iya daskarewa a jijiya. Allah Ya ƙara mana lafiya.