Tambayar da Na Ƙi Yi Wa Hajiya

Jama'ar Masanawa sun yi mini jaje a kan motar da na saya, kuma na gode. Sai dai duk sanda wani ya ce "Allah ya mayar da alheri, an cuce ka," sai in ji nauyi ya kama ni, domin babu wanda ya cuce ni. Ni ne na fita da niyyar yi wa wasu wayo, wayon ya juyo kaina. Na daɗe ina barin mutane a kan abin da suke zato, shi ya sa yau nake so in faɗi yadda aka yi.

Motar Ford Maverick ce, ƙirar Amurka ta farkon shekarun 1970, mai ƙofa biyu. Ta wani dattijo ce, tsohon malamin gona a ƙasar Gwarzo, wanda yana cikin waɗanda aka tura ƙaro ilimi Amurka a zamanin da Jami'ar Jihar Kansas ke taimaka wa Jami'ar Ahmadu Bello a fannin aikin gona da likitancin dabbobi. Da zai dawo gida ya sako ta a jirgin ruwa. Abin ya zo masa daidai, don tun ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama, sitiyarin motar Amurka kuwa ya dace da hakan. Da tsufa ya cim masa sai ya ɗora ta a kan bulo a wata rumfar kwano a bayan gida, ya rufa mata tamfol. Bayan rasuwarsa magada suka ce a sayar a raba kuɗin.

Wani dillalin gonaki ne ya ja ni in gani, wai tunda ni malamin makaranta ne ƙila na san mai so a Kano. Muka yaye tamfol, ƙura ta tashi. Kujerar gaba doguwa ce guda ɗaya, daga ƙofa zuwa ƙofa. Ɓera ya yi sheƙa da tsofaffin rasitai a aljihun gaba, warin tsohon fetur da na kashin kaji sun cika ciki. Na sa hannun riga na goge gilashin mitar da ke ƙirga tafiya. Mil 28,000 da 'yan kai.

Daren nan a kan wayata na kwana. Na karanta cewa kamfanin Ford ya fito da Maverick a watan Afrilu 1969 a kan dala 1,995, don ta yi gogayya da Volkswagen Beetle da ƙananan motocin Japan da suka fara cinye masa kasuwa, kuma an daina ƙera ta a Amurka a 1977. Su a can ƙaramar mota suke kiranta, alhali injinta mai fistin shida ne. Na kuma ga cewa akwai masu tara tsofaffin motoci, kuma abin da suka fi zuba wa kuɗi shi ne wadda ba ta yi tafiya mai yawa ba. Na ɗauki farashin da na gani mafi tsada, na buga shi da canjin dala na ranar. Kafin kiran assalatu na riga na gina shaguna a bakin titi, na biya wa mahaifiyata kujerar Makka.

A nan ne na yanke shawarar da ta kai ni ƙasa: kada in yi wa kowa tambayar da za ta farkar da shi. In magada suka gane abin da ke hannunsu, ai ba za su sallama ba.

Da na je gaishe da Hajiya, uwargidan marigayin, tana zaune a kan darduma a ƙofar ɗakinta tana ɓare gyaɗa. Ta ce, "Malam, kai ne mai son motar Alhaji? Kai, motar nan ai ta ga duniya. Ka san akwai ranar da..." Ban bari ta kai aya ba. Na ce, "Hajiya, ai tsohon ƙarfe ne kawai. Don dai tunawa da Baba ne, kada 'yan gwangwan su farfasa ta." Ta dube ni, ta ce, "To, Allah ya yi albarka," ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Tsoro nake ji kada hira ta yi tsawo, wani daga cikin 'ya'yan ya tuna cewa Baba ya taɓa faɗin darajar motar.

Mutum ɗaya na kai ya duba, shi ma don ya gaya mini ko za ta tashi ne. Wani tsohon makanike ne a Gwarzo, wanda ya koyi aiki a kan Peugeot 404 ya tsufa a kan 504. Ko bonet bai buɗe ba da farko. Ya buɗe ƙofar direba, ya ɗaga ta sama, ta yi ƙwas, ta sake zubowa. Ya shafa sitiyari inda hannu ya goge shi ya yi sulɓi. Ya danna kujera, wajen direba ya lotsa, ɗaya gefen yana nan daram. Sannan ya durƙusa ya nuna mini robar birki, wadda ta cinye ta gefe guda har ƙarfe ya fito.

Ya ce, "Malam, ƙafar da ta cinye robar nan ba mil dubu ashirin da takwas ta taka ba."

Na ce ai mita ba ta ƙarya.

Ya ce, "Ba ta yi ƙarya ba, gidajenta ne biyar. Ƙirga ka gani. In ta cika tara-tara sai ta koma sifili ta sake sabon lale."

Gaskiya ya faɗa, kuma ina iya ganin gidajen da idona. Motocin Amurka na wancan zamanin haka mitarsu take, daga 99,999 sai sifili. Amma na riga na kashe kuɗin a zuciyata, ba na son mai taɓa mini lissafi. Na ce masa, "Baba, kai Peugeot ka sani, wannan ta Amurka ce." Bai yi fushi ba. Ya goge hannunsa da tsumma ya ce, "Haka ne, Malam. Allah ya sa a dace."

Kuɗin ma ba nawa ba ne duka. Uwargidana tana da sa da take kiwo don kasuwar Babbar Sallah, na lallashe ta muka sayar tun bai gama ƙiba ba, na ce zan mayar mata ninki biyu. Na kuma ja mata kunne kada ta gaya wa kowa. Ta ce, "Malam, in dai alheri ne, me ya sa ba ka son a ji?" Na ce mata harkar kasuwa sai da sirri. Aka yi ciniki gaban shaidu, na taya da wulaƙanci, babban ɗan ya ce albarka, na ɗan ƙara, ya sallama. Na ba dillali la'adarsa ina ta danne murmushi.

Ko da a ce mitar gaskiyar da nake so ta faɗa, akwai abin da ban sani ba: zama yana cin mota fiye da yadda tafiya ke cinta. Fetur ɗin da ya rage a tanki ya daskare ya zama kamar ƙaro, ya toshe kafireta, cikin tankin kuma duk tsatsa. Duk wata roba da ke jikinta ta bushe, tiyon ruwa in ka matsa sai ya tsage a hannunka. Man birki yana jan danshi, ya sa ƙarafan ciki sun ci tsatsa sun maƙale. Lagireto ya toshe. Ɓera ya gaigaye wayoyi. Tayoyin suna da zanensu raɗau kamar ba a taɓa hawa ba, amma gefensu duk ya daddare. Mita ba ta ƙirga damina, ba ta ƙirga zafin bazara a ƙarƙashin kwano.

Sai kuma abin da ya fi ba yaran gareji haushi. Kusoshin motar da awon inci aka yi su, sufanunsu kuwa na milimita ne. Mai lamba 12 ta yi kaɗan, mai lamba 13 ta yi sako-sako, in an matsa sai kan noti ya gwigwiye. Na shiga motar haya zuwa Kabuga, na wuce Ƙofar Ruwa da tsohon famfon ruwa a leda, ina bi rumfa-rumfa. Kowa ya juya shi sai ya tambaye ni na wace mota ne. In na faɗa, sai ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ga abin mamaki. Da 504 ce da ban wuce rumfa biyu ba, domin a 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, ya shekara da shekaru yana yi, kayansu sun cika ƙasa, sabo da na hannu. Ford ɗin Amurka kuwa marainiya ce a nan. Haka muka yi ta dabara, a ɗauko na wata mota a fafe, a yi walda, a ɗaura.

Ranar da aka buɗe inji, tsohon makaniken ya aika a kira ni. Ya nuna mini gasket da aka yanka da hannu, aikin wani gwanin gida, da alamar an taɓa canza ringi. Bai ce "ai na gaya maka" ba, da ya faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Daga baya ta tashi, da hayaƙi shuɗi da ya kori kajin unguwa. Na hau titin Kano da ita ina jin kaina, ban kai Rimin Gado ba ta yi zafi ta mutu, sai janwe aka nemo. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, ko tayar da ita don batir ya zama abin da sai na yi shawara da aljihuna.

Batun sayar da ita a Amurka kuwa a taƙaice ya mutu. Cikin masu tara tsofaffin motocin da na rubuta wa, ɗaya ne ya amsa, ya ce ina takardun da ke nuna tarihin gyaranta shekara bayan shekara? Su ma sun san zancen gida biyar, kuma tun 1972 suke da dokar hana taɓa mita, don haka lamba ba tare da takarda ba ba ta da daraja a wurinsu. Ya ƙara da cewa Maverick ba abar nema ba ce ruwa a jallo, fiye da rabin miliyan aka sayar a zubin farko kaɗai. Kuɗin kai ta Legas da na jirgin ruwa sun fi abin da za a saye ta.

Sai da Sallah ta zagayo na koma gaishe da Hajiya. Bayan mun gaisa na ce, "Hajiya, wai Baba ya yi yawo da motar nan sosai?"

Ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce, "Yawo? Ai Alhaji bai san zama ba. Samaru yake zuwa kamar bayan gida, ga Sakkwato, ga Maiduguri, har Legas mun je da ita. Ranar da lambobin nan suka cika suka koma sifili, a gefen titi ya tsaya, ya ce yara su leƙo su gani, ya saya musu rake. Ai abin da na fara gaya maka ke nan ran nan ka katse ni."

Babu wanda ya ɓoye mini komai. Gaskiyar a bakinta take, kyauta, ni na toshe ta da hannuna don ina tsoron kada wata gaskiyar ta fito tare da ita. Na sunkuyar da kai na gaya mata dalilin da ya sa na katse ta, da lissafin dalar da na kwana ina yi. Cikin magadan nan akwai ƙananan yara na amaryar marigayin, marayu, kuma na san da su sanda nake cewa tsohon ƙarfe ne. Da lissafina ya yi daidai, da haƙƙinsu na ci ina murna. Hajiya ta yi shiru, sannan ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma da ka bari na ƙarasa, Malam, da san matarka yana nan."

Na lura wannan ciwon bai tsaya ga masu sayen tsofaffin motoci ba. Je ka wajen masu sayar da 'yan Kwatano ka ji, abin da ake fara nuna wa mai saye shi ne mita. Ta yanzu kuwa ba sai ta zagayo ba, da kwamfuta ake mayar da ita baya cikin 'yan mintoci. Wata kuma lambar gaskiya ce, motar ce ta kwana a ruwa: bayan guguwar Katrina a 2005 da ta Harvey a 2017, motoci masu ɗimbin yawa sun nutse a Amurka, kamfanonin inshora suka yi gwanjonsu. Tun 1981 kowace motar da aka yi don kasuwar Amurka tana da lambar shasi mai harafi da lamba 17, da ita ana iya bincika tarihinta a intanet. Jikin taya ma akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Amma mai ganin ya tsinci dami a kala ba ya son bincike, don kada mai kaya ya farga.

Kwanakin baya wani saurayi ya zo daga Kano, an ba shi labarin motar. Ya zagaya ta, ya leƙa ciki, ya goge gilashin mitar. Na ga yadda ya yi tsit, ya haɗiye yawu, sannan ya juyo yana yatsina fuska ya ce, "Baba, ai wannan tsohon ƙarfe ne, nawa za ka bar mini?" Wallahi sai da zuciyata ta ce in yi shiru, kuɗin sa ya dawo. Na ce masa ya ƙirga gidajen mitar, na nuna masa robar birki, na ba shi labarin raken da Alhaji ya saya wa yara. Ya yi godiya, ya ce zai yi shawara. Bai dawo ba.

Na biya uwargidana a hankali daga albashi, ko da yake kuɗin san wancan lokacin yanzu ɗan maraƙi ma da ƙyar, kuma ta san haka. Motar kuwa har yanzu ta sayarwa ce. Mai so ya sani, ta yi mil 128,000 da ɗoriya, tana shan baƙin mai, birkinta ba abin yarda ba ne, kuma kayan gyaranta babu su a Ƙofar Ruwa.