Na ci jarrabawar tsaron intanet, na kasa tsare kuɗin Kawu

1/ Wannan zaren zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni. Na daɗe ina son rubuta shi, kunya ce ta hana. Ni ɗan Ƙauran Namoda ne, ina ajin ƙarshe a jami'a, ina karanta tsaron intanet. Ranar da aka kwashe kuɗin kawuna ta waya, ni ya fara kira. Ni ne kuma na ba shi shawarar banza.

2/ Kawu ɗan kasuwar hatsi ne. Wake, gero, dawa. Tun ina ƙarami yake cin kasuwar Shinkafi duk Alhamis, kuɗinsa a aljihu. Da hanya ta lalace, duk ɗan Ƙaura ko Shinkafi ko Zurmi ya san abin da nake nufi, sai ya daina yawo da tsabar kuɗi. Wahalar takardun naira ta farkon 2023 ta ƙarasa koya masa tiransifa.

3/ Wato duk jarinsa ya koma cikin 'yar ƙaramar waya mai tocila. Sim ɗin ba makulli. Duk alat ɗin banki na ciki. Lambar sirrinsa kuma, don kada ya manta, wani yaro ya ajiye masa cikin sunayen mutane da sunan "Banki". Ban san da wannan ba sai daga baya. Ban taɓa tambaya ba ma.

4/ Wata Alhamis a cunkoson kasuwa aka zare wayar. Da magariba ya ari wayar abokin tafiyarsa ya kira ni a makaranta. "Kai da kake karatun tsaron nan, mi za a yi?" Na ce, "Kawu, ka kwantar da hankalinka, ba wanda ya san lambarka. Gobe da sassafe ka je banki." Ya ce to, Allah Ya yi albarka.

5/ Cikin dare suka yi aikinsu. Kafin a buɗe banki ranar Juma'a, naira dubu ɗari shida da 'yan kai sun tafi. Wasu daga cikin kuɗin ma ba nasa ba ne, na mutanen da suka ba shi wake bashi ne. Ya guje wa ɓarayin hanya, na waya suka same shi har gida.

6/ A makon nan ne sakamakonmu ya fito, na samu A a darasin ɓoye bayanai. Wallahi a lokacin zan iya zana maka lissafin RSA a allo ba tare da na duba littafi ba. Amma ban san cewa abin da ake yi a minti goma na farko bayan sace waya shi ne komai ba.

7/ Yayana yana da rumfar POS da cajin waya a Ƙaura. Sakandare kawai ya gama. Da ya ji labari ya kira ni, ransa a ɓace: "Ƙane, don mi ba ka ce a kira ni ba?" Ya ce bankuna da yawa suna da lambar da za ka danna a wayar kowa ka rufe asusunka nan take. Sannan a kira kamfanin layi a rufe sim. Ba a jiran gari ya waye.

8/ Ina ya koya? Shekara uku ya yi yana yaron shago a hannun ubangidansa. Ya ga alat na bogi. Ya ga mai kira yana cewa daga banki ne, a turo masa lambar da ta shigo. Ya ga tsohuwa tana kuka a gaban teburinsa. Ya san cewa mai riƙe da sim ɗinka zai iya danna *565*0# ya ga BVN ɗinka. Ni sai ranar na ji.

9/ Kawu bai zage ni ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Da na koma gida hutu cewa kawai ya yi, "Ba komai ɗana, ƙaddara ce. Ashe dai ba a kai ku wannan darasin ba tukuna." Har yau maganar tana tsaye mini a ƙirji.

10/ Na ce to, ai saura IT, can zan koyi aikin gaske. Ga wanda bai sani ba, sunansa na ainihi SIWES. Hukumar ITF, wadda aka kafa a 1971, ita ta fara shi a 1973, saboda masu masana'antu suna ƙorafin cewa 'yan jami'a suna fitowa da takarda, ba su iya aiki ba. Kun ji fa, sama da shekara 50 ana wannan kukan.

11/ Wata shida ne namu. Aka miƙa mana wasiƙa da logbuk, aka ce kowa ya je ya nemi wuri. Mai kawu a Abuja ya tafi Abuja. Mu 'yan Ƙaura muka dinga zaga ofisoshi da fayil a hammata. "Ba ma ɗauka." "Oga ba ya nan." "Wa ya turo ka?" Mako biyar na cinye a haka.

12/ Daga ƙarshe wani ofis ya karɓe ni, ba zan faɗi suna ba. Aikina: fotokwafi, sa wa firinta takarda, sayo wa oga abinci, wani lokaci in sake ɗora Windows a kwamfutar da ta ƙi tashi. Ɗakin da na'urorin sadarwa suke kullum a kulle. "Ɗalibi ba ya shiga nan."

13/ Logbuk kuwa? Ku da kuka yi IT ku faɗi tsakaninku da Allah. Ranar Lahadi da dare muke zama mu cike na mako guda da turanci mai daɗi. A buga hatimi, a ba da maki. Alawus ɗin da aka san ITF na bai wa ɗan jami'a naira 2,500 ne a wata. Ku lissafa da kuɗin mota.

14/ Saura mako uku in gama, wani ma'aikaci da nake ce wa Malam ya ga ina zaune ina danna waya. Ya ce, "Taso." Ya buɗe ɗakin nan, ya zaunar da ni gaban allo, ya nuna mini jerin yunƙurin shiga wani asusu da aka yi da tsakar dare, sau da yawa a jere. Ya ce, "Me ka gani? In kai ne a kujerar nan, wa za ka fara kira?"

15/ Na fara kawo bayanin littafi. Ya ce, "Ban tambaye ka sunan harin ba. Wa za ka kira?" Irin tambayar Kawu ce sak. A mako ukun nan na koyi karanta bayanan shiga da fita, da rufe asusun da ake zargi, da rubuta rahoton da oga zai gane. Allah Ya saka wa bawan Allahn nan da alheri. Sai dai sa'a ce kawai ta haɗa mu, babu tsarin da ya ce ya yi.

16/ Shi ne ya fara ba ni labarin yadda ake yi a Ingila, na je na ƙara bincike. Tun 2015 suke da digirin da ake yi a bakin aiki. Kamfani ne zai ɗauke ka a matsayin ma'aikaci tun ranar farko, da albashi. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na lokacin aikinka na karatun jami'a ne, sauran kana wurin aiki. Ba ka biyan kuɗin makaranta.

17/ Akwai irinsa na tsaron intanet. Bayan shekara uku zuwa huɗu ka fito da cikakken digiri, ga kuma shekarun aiki a bayanka. Wannan tambayar da ke kashe mu a wurin neman aiki, "shekara nawa ka yi kana aiki?", ba ta kama su. Jamus ma ta daɗe da irin wannan haɗin na jami'a da kamfani.

18/ Wa ke biya? Tun Afrilun 2017, duk kamfanin da albashin ma'aikatansa ya haura fam miliyan 3 a shekara yana ba da kashi 0.5 cikin ɗari don horar da masu koyon aiki. Abin da ya ɗaure mini kai: mu ma dokar ITF ta ɗora wa kamfanoni kashi 1 cikin ɗari na albashi don horo. 

19/ Kuma ai tsarin ba baƙonmu ba ne. Wane makaniki ne a Ƙaura ya koyi gyaran mota a allo? Tela, kafinta, mai gyaran waya, direba, duk a hannun ubangida suka tashi har aka yaye su. Mu ne da muka shiga jami'a aka nuna mana kamar koyo a hannun wani faɗuwa ce. Ni da Yaya, kowa rabin ilimi gare shi.

20/ A tsaron intanet abin ya fi tsanani. Ɗan koyon kanikanci zai samu tsohon inji ya kwance. Ni ba ni da ikon taɓa na'urar wani in gwada, dokar laifukan intanet ta 2015 ta hana shiga kwamfutar mutum ba izini. Akwai shafukan gwaji, ina amfani da su, amma tsarin gaske mai mutane na gaske a wurin aiki kaɗai ake ba ka izinin taɓawa.

21/ Ga abin da ke ba ni tsoro. Yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa, ya iya kwamfuta, ya ƙwanƙwasa ƙofa goma ba a buɗe ba. Akwai masu buɗe masa tasu ƙofar da gudu, su ba shi waya da data da wurin kwana. Su ma iyayen gida ne, koyon sana'a suke bayarwa. Wanda ya kwashe kuɗin Kawu ma a hannun wani ya koya.

22/ Shi ya sa Inna ba ta son ganina da kwamfuta da dare. Sai ta leƙo ta ce, "Ka dai ji tsoron Allah, kada a ce ɗana ɗan Yahoo ne." Ina dariya, amma na gane ta. Ba ta taɓa ganin wani a unguwarmu da wannan karatun ya kai shi aikin halal ba.

23/ Ba na cewa a kwafo na Ingila a manna a Zamfara. Can ma guraben kaɗan ne, ana kokawa kafin a samu. Mu nan manyan kamfanonin da ke da sashen tsaron intanet suna Legas da Abuja. Kuma in ba a sa ido ba, "ɗan koyo" zai koma ɗan aike mai arha na shekara huɗu maimakon wata shida.

24/ A ce a yi aikin daga gida ta intanet? Zai yiwu, amma mu mun san zafin abin. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro. Gusau ta samu a Oktoba, mu na ƙananan hukumomi muka ci gaba da jira makonni. Ga wuta. Ga ɗalibin Zurmi da zai yi addu'a kafin ya hau mota zuwa Ƙaura.

25/ Duk da haka ba daga sifili za mu fara ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tana Ƙaura tun 1983, kuma a tsarin foli ana yin shekara guda ta aiki tsakanin ND da HND. A 2024 hukumar NBTE ta raba HND ɗin kimiyyar kwamfuta gida huɗu, ɗaya shi ne tsaron intanet da kare bayanai.

26/ Ga dokar kare bayanai ta 2023, wadda ta wajabta wa manyan masu riƙe da bayanan jama'a su samu jami'in kula da su. Bankuna, asibitoci, makarantu, kamfanonin POS, duk suna riƙe da bayananmu. Aikin yana nan. Masu yin sa ne ba a rainonsu.

27/ Da za a tambaye ni, abu uku zan roƙa. Makaranta ta nemo wa ɗalibi wuri, a daina sakin sa da wasiƙa. A rubuta sunan mutum ɗaya a wurin aiki wanda alhakin koya masa ke wuyansa. Kuma maki ya fito daga abin da ɗalibi ya iya yi a gaban mai dubawa, a bar logbuk ɗin daren Lahadi ya huta.

28/ Ƙannena da za ku fita IT: ku fara neman wuri tun samista guda kafin lokaci. Ƙaramin wurin da za a bar ku ku taɓa na'ura ya fi babban suna da za ku zauna a benci. Ku nemi mutum ɗaya da ya iya aikin ku liƙe masa. Ku gaishe shi, ku ɗauki jakarsa in ta kama. Ba faɗuwa ba ce.

29/ Hutun da ya wuce a rumfar Yaya na yi shi, ni ne yaronsa. Duk wanda ya kawo caji, mu tambaye shi ko sim ɗinsa na da makulli. In babu mu sa masa, mu gargaɗe shi cewa kuskure uku na kulle layin. Mu rubuta masa lambar rufe asusun bankinsa a takarda ya ajiye a gida. Ni kuma na nuna wa Yaya yadda ake gane shafin bogi da sa wa WhatsApp makulli na biyu.

30/ Kawu ya sayar da buhunan da ya ajiye ya biya mutane, yana farfaɗowa a hankali. Shi na fara sa wa makulli. Da na gama ya juya wayar a hannunsa ya ce, "To, yanzu an kai ku darasin ke nan." Na ce, "Eh Kawu, Yaya ne ya koya mini."

31/ In ka karanta har nan, yau ɗin nan ka duba wayar mahaifinka ko mahaifiyarka. In kuma kana aiki inda akwai ɗan IT yana zaune a benci, don Allah ka ce masa "taso". Ku da kuka yi SIWES, me aka sa ku yi? Ku faɗa a ƙasa, ina karantawa. Allah Ya ba yankinmu lafiya, Ya sa mu dace.