Gulosta, Garin da Kifi da Gishiri Suka Gina

Daga birnin Boston, tafiyar kimanin sa'a ɗaya ce a jirgin ƙasa zuwa Gulosta, ƙaramin gari mai mutum kusan dubu 30 a bakin Tekun Atlantika, cikin jihar Masachusets. Tun kafin baƙo ya hango ruwa, ƙarni da kukan tsuntsayen teku sun riga sun gaya masa sana'ar mutanen wurin. 'Yan garin na bugun ƙirji da cewa tasu ce tashar masunta mafi daɗewa a Amurka.

Na fara da filin shaƙatawa na Stage Fort da ke yammacin gari, inda aka manna allon tagulla a jikin wani ƙaton dutse. A nan ne mutanen Kamfanin Dorchester na Ingila suka sauka a 1623, kuma neman kifi ne ya kawo su. Sun kakkafa rumfunan gyaran kifi a gaɓa, amma ƙasar duk duwatsu ce, noma ya ƙi, kamfanin ya karye. A 1626 Roger Conant ya ja ragowar mutanen zuwa inda garin Salem yake yanzu. Daga baya wasu suka dawo, har aka yi wa wurin rajistar gari a 1642. Mutanen Pawtucket da Turawan suka tarar kuwa sun daɗe da sanin shanya kifi da yin banda don ajiyar hunturu.

Kifin da ake ta wannan fafutuka a kansa shi ne kod. Ɗan Najeriyar da ya taɓa ganin sandararren kifin nan na Norway da Inyamurai ke kira okporoko ya riga ya san shi, sai dai na Norway iska kawai ke busar da shi, na Gulosta kuwa sai ya sha gishiri. Namansa fari ne, kusan babu mai a jikinsa, shi ya sa ba ya saurin hamami. Idan ya bushe yadda ya kamata, yakan yi watanni da yawa ko a ƙasar zafi.

A Gidan Tarihin Cape Ann da ke tsakiyar gari, tsofaffin hotuna da kayan aiki sun nuna yadda ake yi. Da an jawo kifi, wani ya farke ciki, wani ya fille kai, gwani kuma ya tsaga shi da wuƙa ya zare ƙashin baya, ya baje shi falan ɗaya. Sai mai gishiri ya jera su hawa-hawa a cikin jirgi, yana barbaɗawa tsakani. Aikinsa ya fi na kowa wuyar sha'ani: in ya rage hannu kifi ya ruɓe, in ya cika hannu gishiri ya ƙone shi. Idan an dawo gida a wanke, a tsane, a shimfiɗa a kan dogayen gadajen katako a sarari. A hotunan, gadajen sun mamaye bakin tashar fari fat, ga maza suna bin layi suna juyawa. Da hadari ya taso dole a tattara a rufe, rana in ta yi zafi da yawa kuma a yi musu inuwa. Gishirin ma daga nesa ake kawo shi, daga Kadiz da Lisbon da tsibiran Turks.

Bayan kifin ya bushe sai a zauna tantancewa, kuma a nan ne labarin ya rabu gida biyu. Mai kyan, fari mara tabo, ana loda shi zuwa Sifen da Fotugal da tashoshin Bahar Rum, inda mabiya ɗariƙar Katolika ke ƙaurace wa nama ranakun Juma'a da lokacin azuminsu. Karyayye da ƙonanne da wanda ya soma sauya launi kuwa, tsibiran Karebiyan ake kai su. Masu gandayen rake a can sun ga asara ce su ware ƙasa don noma wa bayi abinci, saboda haka suka riƙa sayen wannan reshin kifi da araha suna ciyar da 'yan Afirka da ke aikin bauta. Jiragen kan dawo da baƙin ruwan rake mai kauri da ke saura bayan an fitar da sukari, a dafa giyar ram da shi a Boston da Newport, wani kason giyar kuma ya nufi gaɓar Afirka ta Yamma a musanya shi da mutane. Har yau kifin gishiri da 'ya'yan itacen aki shi ne abincin da Jamaika ke tinƙaho da shi.

Wannan ciniki ya shiga rigimar neman 'yancin kan Amurka dumu-dumu. A 1733 majalisar Birtaniya ta ɗora harajin fene 6 a kan kowane galan na ruwan raken da aka sayo daga tsibiran da ba nata ba, 'yan kasuwa suka koma fasa-ƙwauri. A 1764 ta rage shi zuwa fene 3, amma ta tsaurara karɓa. A 1775 kuma ta haramta wa masuntan New England, yankin da Masachusets ke ciki, zuwa Grand Banks, makekiyar matattarar kifi da ke kusa da Newfoundland, wato ta taɓa musu tukunya. A watan Agusta na shekarar, jirgin yaƙin Birtaniya mai suna Falcon ya buɗe wa Gulosta wuta, 'yan gari suka kore shi. Masuntan Marblehead, garin da ke nan kudu kaɗan, su ne a ƙarƙashin John Glover suka haye da George Washington da sojojinsa Kogin Delaware a daren Kirsimetin 1776. Da aka zauna sulhu a Paris, wakilin Amurka John Adams ya kafe sai an bar wa Amurkawa damar su a waɗancan ruwaye, kuma yarjejeniyar 1783 ta amince. A 1784 aka rataye sassaƙen kifin kod na katako a zauren majalisar wakilan Masachusets, kuma har gobe yana nan a Boston.

A cikin gida, kifin gishiri shi ne rufin asirin talaka. Uwargida kan jiƙa shi ya kwana don gishirin ya fita, ta dafa da dankali ranar Asabar, ragowar ta kirɓa ta cura ta soya don karin kumallon Lahadi. A kudu ma haka abin yake da kifin kogi: a gandunsa na Mount Vernon, Washington kan sa a ja taru a Kogin Potomac da bazara, a cika ganguna da ƙananan kifi da gishiri don rabon bayinsa, a sayar da rara.

Da yamma na bi titin Stacy da ke gaɓar ruwa zuwa mutum-mutumin tagulla na masunci riƙe da sitiyarin jirgi, aikin Leonard Craske, wanda aka ƙaddamar a 1925. A gabansa akwai alluna ɗauke da sunayen mutum fiye da 5,000 da teku ta ci, an jera su shekara-shekara. A 1879 kaɗai mutum 249 ne suka tafi ba su dawo ba. Mai bin sunayen da ido zai ga na Ingilishi sun soma cakuɗa da na Ayirish, da na Fotugal, da na Sisili. Wasunsu an sauke su ne bibbiyu a ƙananan kwale-kwale daga babban jirgi don ɗana ƙugiyoyi, hazo ya rufe, suka ɓace. Garin ya adana sunayen waɗanda suka mutu wajen kamo kifin. Bayin da suka ci reshinsa a gandayen rake ba su da allo a nan.

Abin da ya kashe kasuwar kifin gishiri ma a garin nan ya girma. A shekarun 1920 Clarence Birdseye ya kafa masana'antarsa ta daskarar da abinci cikin gaggawa a Gulosta, gadajen shanya suka soma ɓacewa. Kamfanin Gorton's, wanda tushensa ya faro daga 1849 da cinikin kifin gishiri, yana nan a gari, amma yanzu daskararren kifi yake sarrafawa. Shi kansa kod ɗin ya yi ƙaranci: Kanada ta rufe sunsa a ruwan Newfoundland a 1992, Amurka ta rufe sassan matattarar kifi ta Georges Bank a 1994, kuma jiragen da suka rage a tashar suna aiki ne da ƙayyadadden kaso. Yau abin da ya fi kawo wa tashar kuɗi shi ne lobsta, ƙaton ɗan'uwan jatan lande, wanda ake sayarwa da ransa.